Warin jabel ba shi ne tsabta ba

Makon jiya na leƙa madafar makarantarmu bayan an tashi yara. Na tarar da mai dafa abinci tana goge teburin yankan nama da ruwan jabel tsagwaronsa, idanunta sun yi ja, tana ta tari. Na ce, "Inna, me ya hana ki sirka shi?" Ta ce, "Malam, in bai yi wari ba ai bai kashe komai ba." A bakin ƙofa kuma mai ƙosai ta ɗiga ɗigo biyu cikin bokitin da ruwansa ya yi kauri da mai, tun safe take tsoma kwanonin yara a ciki. Kowacce gani take ta yi tsabta. Dukansu sun kuskure, kuma laifin namu ne, malamai da iyaye. Muna koya wa ƴan CM2 lissafin lita da mililita a allo, amma mun kasa auna abin da ke taɓa abincinsu.

Jabel yana da ma'auni kamar maganin likita. Ku duba jikin kwalba. In an rubuta 2,6%, babban cokali ɗaya, wato mililita 15, ake zubawa cikin lita 2 na ruwa. In an rubuta digiri 12, cokali ɗaya cikin lita 3. Wannan ya wadatar ga tebur, katakon yanka, wuƙa da kwano. Abin da ya wuce haka yana cin hannu, yana sa ƙarfe tsatsa, yana barin saura a inda za a aza abinci.

Kafin jabel, sai an wanke da sabulu an ɗauraye. Maiƙo da ragowar abinci suna cinye ƙarfin sinadarin kafin ya kai ga ƙwayoyin cuta, shi ya sa bokitin mai ƙosai ruwan datti ne kawai mai ɗan wari. Bayan an shafa, a bar wurin da danshi kamar minti 2, ya bushe da kansa. Wanda ya bi da tsumman jiya ya goge ya maido da abin da ya kora. Ruwan sanyi ake sirkawa da shi, kuma kullum sabo, domin zafi da rana suna kashe ƙarfinsa.

Na san abin da za a ce: kakanninmu ba su san jabel ba, kuma sun rayu. Kakanninmu ba su ciyar da yara ɗaruruwa da kwano guda ana zagayawa ba. Mun ga amai da gudawa a Madarumfa a 2018, mun sake ganin ta a 2021 ta ratsa jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa. A lokacin annoba ma'aikatan lafiya kan ba da ma'auni mai ƙarfi, nasu ake bi. Amma zawon da ke hana yaro zuwa aji kwana uku ba ya jiran annoba.

Akwai abu biyu da ba ni da sassauci a kansu. Na farko, gauraya jabel da wani abu don "ya ƙara ƙarfi". In ya haɗu da ruwan lemun tsami, ko ruwan tsami na binegar, ko maganin wanke masai, yana fitar da iska mai guba da ke ƙona huhu. Na biyu, jabel ɗin da ake ɗurawa a robar ruwan sha a sayar ba rubutu. Ba wanda ya san ƙarfinsa balle ya auna, kuma yaro mai ƙishirwa ba ya tambaya. In ƙaddara ta faɗa ya sha, kada a sa shi amai, a kuskure masa baki, a ba shi ruwa kaɗan, a garzaya da shi asibiti.

Roƙona ga shugabannin makarantu da kwamitocin COGES ba ya cin kuɗi: cokali ɗaya a ɗaure da igiya kusa da bokiti, a ja layi a jikin bokitin daidai lita 2, a liƙa ma'aunin da Hausa a bango, a kira masu sayar da abinci a nuna musu da hannu. Mu mun yi namu ranar Litinin, ƴan aji suka yi lissafin da kansu. Inna ta daina tari.