Damagaram Ba Kara-Kara Kaɗai Ba Ce

Tun 2021 da fim ɗin Aïcha Macky mai suna Zinder ya zaga bukukuwan fina-finai na Turai, Damagaram ta samu sabuwar fuska a idon duniya: ƙato babu riga yana ɗaga ƙarfe, sunan Hitler a bakin abokansa. Shi ke nan, an gama da mu. Masarautar da Sarki Tanimu ya kewaye da ganuwa har aka ƙera igwa a cikinta, birnin da ya riƙe mulkin Nijar har 1926 kafin Faransawa su kwashe shi zuwa Yamai, yau an dunƙule shi cikin unguwa ɗaya.

Ba da Aïcha nake faɗa ba. 'Yar garin ce, kuma ta yi aikinta da gaskiya. Ta nuna cewa Kara-Kara unguwa ce da aka tura kutare da marasa galihu, jikokinsu suka tashi babu lakwal babu aikin yi. Ta nuna 'yan palais, wato gungun samarin unguwa, waɗanda suka gaji da sara-suka suna neman na tuwo, wannan da kabu-kabu, wancan da fataucin man fetur daga iyakar Najeriya. Amma wa ya zauna ya kalli fim ɗin har ƙarshe? Masu rubuta kanun labarai sun tsinci abin da zai sa Bature ya zaro ido, suka zubar da saura.

Haka ƙaryar take haihuwa, kuma takaicin shi ne babu wanda ya ƙirƙiri komai. Hoton na gaskiya ne. Ɗan jarida na farko ya ɗauka, na biyu ya karanta na farko tun kafin ya hau jirgi, ya sauka da labarinsa a rubuce cikin kai. Kwana uku gare shi, saboda haka kai tsaye sai Kara-Kara, wajen samarin da suka riga suka san irin tsayuwar da kyamara take so. Na uku ko zuwa ba ya yi, kwafa yake.

An yi mana irin wannan a Janairun 2015. Ranar 16 ga wata, a zanga-zangar zanen jaridar Charlie Hebdo, an ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa a Damagaram, an rasa rayuka. Abin kunya ne, ba mai wanke shi. Washegari Yamai ta yi nata ƙone-ƙonen, amma tambarin “garin masu zafin kai” a goshinmu aka bar shi.

To ku fito daga birni, ku kama hanyar Gure, ku wuce Mirya, ku iso Gidimuni, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba. Ga tafki da ruwa rani da damina, wanda tun 2019 yake cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Ga garake, ga rake, ga dabino, ga masunta. Samari sa'annin waɗancan na fim suna cikin ban ruwa tun asuba, kayan miyarsu na cika kasuwannin jaha. Su ma suna da abin kuka: taki ya yi tsada, dillali na kwasar amfanin gona a wulaƙance. Wannan ba labari ba ne? A'a, babu adda a ciki, babu jini.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa yake yanko daƙiƙa talatin na irin waɗannan hotuna yana watsawa a TikTok da WhatsApp? Mu ne. Wa yake dariya in an ce wa ɗalibi a Yamai, “Kai ɗan Damagaram, ina wuƙarka?” Mu ne dai. Gidajen rediyonmu ma sai an yi faɗa a wata unguwa suke rige-rigen kai makirfo.

'Yan jaridar Damagaram, ku kuke da harshen, ku kuka san hanya. Ku zo Gidimuni ranar kasuwa, ku zauna da manoma, ku tambaye su nawa suka sayi buhun taki bana, ku sa amsar a farkon labarai.