Fim ɗin The Night Watch: Kay da zobenta

Jama'a, bari mu faɗa tun farko don kada wani ya ce ba a gaya masa ba. The Night Watch, wanda BBC ta fitar a 2011 daga littafin Sarah Waters na 2006, labari ne da ke ɗauke da soyayya tsakanin mata, wato maɗigo, kuma ba fim ne na kallo da yara ba. Mun san da yawa daga cikinmu nan za su tsaya. Wannan ra'ayinsu ne.

Mu dai da muka kalla, Kay ce ta tsaya mana a rai. A Landan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ita ke tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya da daddare, bama-baman Jamus na zuba, tana zaƙulo mutane daga ƙarƙashin gini. A 1947 kuwa, an gama yaƙi, maza sun dawo sun karɓe ayyuka, sai ga ta tana gararamba a titi ba mai neman ta. Duk wanda kakansa ya dawo daga yaƙin Bama ya san irin wannan sallamar.

Labarin da baya yake tafiya: 1947, sai 1944, sai 1941. Ka fara ganin rabuwa, daga baya ka ga ranar da Kay ta tsinci Helen cikin ɓaraguzai, kana sane da inda abin zai ƙare. Wannan dabara ta yi aiki. Inda BBC ta gaza shi ne cusa babban littafi cikin minti 90. Labarin Duncan, wanda ke kurkuku a zamanin da yunƙurin kashe kai laifi ne a Ingila, an bi ta kansa a guje.

Wurin da ya fi nauyi shi ne na Viv. Ta zubar da ciki a ɓoye, jini ya ɓalle mata, mai auren da ya yi mata cikin ya cika wandonsa da iska. Kay, wadda ba ta taɓa ganin ta ba, ta cire zobenta ta sa mata a yatsa don a asibiti a ɗauka matar aure ce. Viv ta ajiye zoben shekara uku, har ta hango Kay a titi ta mayar mata.