Rashin Ƙarfin Gaba: A Auna Jini Kafin a Sha Magani

Sharhinmu na yau magana ce ta magidanta da iyalansu. In akwai yara kusa da rediyo, a ɗan aike su.

Duk mai bin tasha ko kasuwar mako ya san motar nan mai lasifika a ka. Mai magani na tsaye, ya jera robobi da ƙulle-ƙullen gari, yana zayyano abin da ke damun maza, jama'a sun kewaye shi ana ta dariya. Ka ɗan dakata har taron ya watse. Za ka ga magidanci mai furfura ya zagayo ta bayan mota, ya miƙa kuɗi a dunƙule, ya cusa roba a aljihun babbar riga, ko canji bai tsaya karɓa ba. Mai yiwuwa ya shekara yana juya wa iyalinsa baya da dare yana cewa gajiya ce, ita kuma tana kwana da zargin ko ya daina son ta. Wannan bawan Allah yana ba ni tausayi, kuma saboda shi nake magana yau.

A wajenmu, in gaba ta yi rauni, sai a ce basir ne, ko sanyi, ko kuma an yi wa mutum sammu. Yanzu wayar hannu ta ƙaro mana sabon suna, testosteron, har wasu sun ɗauka duk raunin namiji daga nan yake. Sinadari ne da ’ya’yan maraina ke samarwa bisa umarnin wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Shi ke fasa muryar yaro in ya balaga, ya fito masa da gemu, ya gina tsoka da ƙashi, ya taimaka wajen yin maniyyi. Ya fi yawa a jini da sassafe. Daga wajen shekara 40 yakan riƙa raguwa sannu a hankali, kimanin kashi 1 cikin 100 a shekara, kuma yawancin maza suna tsufa da abin da ya ishe su.

Babban aikinsa a shimfiɗar aure shi ne tayar da sha'awa. Wanda nasa ya yi ƙasa sosai, zuciyarsa ce ke daina nema. Miƙewar nan ta asuba da ya saba farkawa da ita sai ta ɗauke, jiki ya mutu, tsoka ta zube, tumbi ya fito, mutum ya riƙa ƙunci ba dalili. Ita kuwa miƙewar gaba kanta aikin jini ne: hanyoyin jini su buɗe, jini ya cika gaba, ya tsaya har a biya bukata. Manomin rani ya fi kowa gane wannan. In tiyo ya toshe, ko ka cika inji da fetur, ruwa ba zai kai gona ba.

A 1994, wani bincike a jihar Masacusets ta Amurka ya gano kashi 52 cikin 100 na maza masu shekara 40 zuwa 70 suna da raunin gaba, kaɗan ko da yawa. A 2010 kuma aka auna maza sama da 3,000 masu shekara 40 zuwa 79 a ƙasashe takwas na Turai, sai aka tarar kimanin kashi 2 cikin 100 kacal ne ke da ƙarancin testosteron na haƙiƙa tare da alamominsa. Ku dubi tazarar. Galibin masu wannan kuka, tiyonsu ne ya toshe, kuma abin da ke toshe shi mun san shi a gidajenmu: ciwon suga, hawan jini, taba, kitse a jini. Wasu kuma damuwa ce, ko fargabar kada a sake jin kunya kamar jiya.

Nan ne abin ya fi tayar mini da hankali. Hanyoyin jinin gaba sun fi na zuciya siranta, don haka su ke fara toshewa. Likitoci sun daɗe da lura cewa raunin gaba kan riga ciwon zuciya bayyana da ’yan shekaru. Wato jiki ya aiko da gargaɗi tun da sauran lokaci, mu kuma sai mu toshe bakin ɗan aiken da garin magani. Wanda ya yi shekara uku yana maganin basir, alhali suga ke cin jijiyoyinsa, shekara ukun nan ba za ta dawo ba.

Ƙarancin testosteron dai gaskiya ne, yana kuma da sanadi. Teɓa na kan gaba, domin kitsen ciki yana juya sinadarin namiji ya koma irin na mace. Akwai suga, akwai rashin isasshen barci. Akwai hangum da ya kama mutum bayan balaga ya sauka maraina, akwai sikila. Sai kuma abin da ya addabi samarinmu: tiramadol da kodin. Yaro ya sha tiramadol don ya daɗe a shimfiɗa, bai san irin waɗannan ƙwayoyi suna dakushe umarnin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ba, bayan wani lokaci sha'awar ma ta tafi. Gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma ɓarnar da ya yi a jikin matasa tana nan.

Wanda gwaji ya tabbatar testosteron ɗinsa ya yi ƙasa, likita na iya ba shi allura ko man shafawa, kuma yana amfana. A gwajin da aka yi wa dattawa 790 a Amurka, wanda aka fitar a 2016, sha'awa ta ƙaru, amma gyaruwar miƙewa kaɗan ce. Maganin kuma yana iya kaurara jini, shi ya sa ake bibiyar mai shan sa da gwaji.

Ga maganar da nake so kowane ango ya ji da kunnen basira. In testosteron ya shigo jiki daga waje, ƙwaƙwalwa sai ta ga ya wadata, ta daina aika umarni, maraina su rage aiki, ƙwayoyin haihuwa su yi ƙasa, wani lokaci su ɗauke ƙaf. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta taɓa gwada wannan allura a matsayin maganin hana haihuwa na maza, aka fitar da sakamakon a 1990. To ka ga mutum ya yi amarya, ya je kemis an yi masa allurar ƙarin ƙarfi, shekara biyu shiru, sai dangi su sa yarinya a gaba, a yi ta kai ta wajen masu magani, alhali ba ta da laifin komai. Wannan zalunci ne, ko da ba a yi shi da niyya ba.

Robobin bayan mota kuma, hukumomin kula da magunguna sun sha kama irinsu an zuba musu sinadarin Viagra a ɓoye, ba awo ba ƙa'ida. Mai ciwon zuciya da ke shan ƙwayar nan ta ƙarƙashin harshe, in ya haɗa da wannan, jininsa na iya faɗuwa warwas.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Maigida, ka je asibiti da safe, kafin ƙarfe goma, ba ka karya ba. Ka faɗa wa likita abin da ke damunka da bakinka, ka nuna masa duk abin da kake sha, har na gargajiya. A auna suga, a auna hawan jini, a auna testosteron. In ya nuna ƙasa da 300 a ma'aunin da aka fi amfani da shi, a sake aunawa wata safiyar kafin a yanke hukunci. In kana neman haihuwa, ka faɗa tun kafin a rubuta maka komai. Ka rage tumbi, ka riƙa taka ƙafa, ka ajiye taba.

Ke kuma uwargida, ke kika fi kowa sanin halin da ake ciki. Kada ki yi masa gori, kada ki kai maganar gidan biki. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance ki ce masa, "Maigida, mu je a duba lafiyarka." In ya yi nauyin ƙafa, ki sake faɗa gobe.

Allah ya ba mu lafiya.