Rumbun Intanet Ba Ya Ba Ka Abin da Ba a Zuba Ba

Ana gab da shiga azumi wani ɗan ƙanwata da ke karatu a Kwalejin Ilimi ta Gumel ya same ni a zaure da littafi a hannu. An ba su aikin rubutu a kan yankin ciniki na kan iyaka da ke Maigatari, yana son sanin abin da aka faɗa lokacin da aka kafa shi a zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki. Ya ce, "Kawu, ai ku a gabanku aka yi komai." Na bugi ƙirji na ce ya kwantar da hankalinsa, duk yana intanet.

Ina da dalilin wannan alfahari. Turaki, wanda ya mulki Jigawa daga 1999 zuwa 2007, ya cika mana kunne da zancen kwamfuta, har aka buɗe makarantar koyon ta a Kazaure. A shekarun nan mukan sayi awa guda a kafen intanet, janareta na ruri a waje, mu zuba wa allo ido shafi yana buɗewa layi-layi kamar ana warware tabarma. Duk shafin da ya burge ni nakan rubuta adireshinsa a bayan wani littafin lissafi. Na tono littafin a ƙasan adaka, muka shiga gwadawa a wayar yaron. Na farko babu. Na biyu ma haka. Na uku ya buɗe, amma sai ga talla da wani harshe da ba mu san shi ba, alamar mai shafin ya daina biyan kuɗin adireshi, wani ya saye. Yaron ya dube ni, kunya ta hana shi dariya.

Shi ne ma ya fitar da ni. Ya ce malaminsu ya taɓa ambata musu Wayback Machine, rumbun tsofaffin shafuka na cibiyar Internet Archive da Brewster Kahle ya kafa a San Faransisko ta Amurka a 1996, aka buɗe wa jama'a a 2001. A watan Oktoban 2025 cibiyar ta yi bikin cika shafi tiriliyan ɗaya a ajiye. Amfani da shi ba wuya. Ka zuba tsohon adireshi, sai jerin shekaru ya fito a sama, kalanda a ƙasa. Duk ranar da ka ga an zagaye ta da launi, to a ranar an ɗauki kwafin shafin. Ka taɓa, ya mayar da kai can.

Muka zuba wani adireshi daga littafin, muka taɓa wata rana a kalandar. Sai ga rubutun da na karanta ina saurayi, da Hausar nan ta farkon intanet marar ƙugiya, inda "ƙasa" da "kasa" ba su da bambanci sai mai karatu ya raba. Wajen hotuna kuwa akwatuna ne fanko, kamar bangon da aka cire wa firam. Na ji abin da mutum kan ji in ya tsinci wasiƙar mamaci. Amma da muka taɓa mahaɗin da ke cewa a ci gaba a shafi na biyu, rumbun ya ce bai ajiye wannan ba. Labari ya yanke a tsakiya, kuma ba wanda za a tambaya.

A nan na gane yadda abin yake. Manhajar da ke tara wa rumbun kaya tamkar mai kala ce a gonar gyaɗa: inda ta bi ta tsinta, inda ba ta bi ba sai gara. Manyan jaridu da kowa ke nuni zuwa gare su takan koma musu a kai a kai. Ƙaramin shafin ƙungiyar matasan gari ko na wata makaranta, in ta leƙa sau biyu a shekara an yi sa'a. Kuma ɓacewar ba mu kaɗai ta shafa ba. Cibiyar bincike ta Pew ta bayyana a 2024 cewa kashi 38 cikin ɗari na shafukan da ke raye a 2013 ba a iya buɗe su bayan shekara goma. A 2019 dandalin MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙin da mutane suka ɗora cikin kusan shekara goma sha biyu. A shekarar kuma aka rufe manhajar hira ta BBM. Ina hirarrakin da muka kwana muna yi a 2go?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kwatanci da takarda. A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya yada zango a Gumel, ya rubuta yadda garin ke cike da mutane da cinikin kanwa. Da ya sake biyowa a ƙarshen 1854 ya tarar rikicin sarauta ya rage masa armashi, ya rubuta wannan ma. Yau fiye da shekara 170, littafinsa na nan ga mai so. Takardun mulkin Turawa suna gidan adana tarihi na ƙasa a Kaduna, wasu a Arewa House. Amma shafin da bai kai shekara ashirin da biyar ba, sai da rabinsa muka tashi.

To, ina tarihin yau yake zuwa? Ran Alhamis kasuwar Maigatari ta cika da raƙuma da shanu daga Nijar, samari na ɗaukar bidiyo suna faɗin farashi. Hawan Sallah a Gumel kuwa wayoyi sun fi dawakai yawa. Muhawarar da aka sha a kan filayen noman rake a Gagarawa, da koke-koken manoman Sule Tankarkar a kan taki da tsuntsaye, da yawansu a Facebook da saƙon murya na WhatsApp suka gudana. Facebook yana bayan ƙofa mai mabuɗi, mai kalar nan ba ta cika samun shiga ba. WhatsApp kuwa ba ta ma san hanyarsa ba. Abin yana cikin waya, waya kuma takan faɗa rijiya, ko a zare ta a cunkoson kasuwa, ko mai ita ya rasu ba wanda ya san lambar buɗe ta. Mun zama al'ummar da ta fi kowace ɗaukar hoto, muna neman zama wadda za ta bar mafi ƙarancin gado.

Kuskurena shi ne na ɗauki ɗorawa a matsayin ajiya. Wanda ya baza hatsi a kan faifai a tsakar gida bai zuba a rumbu ba. Gyaran kuma bai fi ƙarfinmu ba. A fuskar Wayback Machine akwai gurbin da aka rubuta wa Save Page Now: ka zuba adireshin labarin da ya shafi garinku, cikin ɗan lokaci ya shiga rumbu, kyauta. Hoton da kake ji da shi ka sauke, ka wanke, ka rubuta wuri da rana da sunan taron a bayansa. Rubutu mai muhimmanci ka buga a takarda, ka kai kwafi ɗakin karatu. Ajiya a wuri ɗaya ba ajiya ba ce, domin rumbun kansa ya yi kwanaki a rufe a Oktoban 2024 bayan masu kutse sun far masa.

Ɗan ƙanwata ya ɗauki rabin da muka samu. Sauran rabin ya nemo shi ranar Alhamis a bakin wani tsohon dillali a karar Maigatari, wanda ya ba shi labarin da babu shi a kowane shafi. Da ya dawo ya kunna mini muryar dattijon a waya, yana murna. Na miƙa masa biro da tsohon littafin lissafina, na ce kafin a kira magariba ya fara kwafewa.