Gansakukar teku da ƙwarin da ke cinta: me ya sa take ƙara dafi?

A farkon shekarar 2025 ɗaruruwan zakunan teku suka riƙa fitowa gaɓa a kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka, suna tangaɗi da farfaɗiya. Masu bincike sun ɗora laifin a kan wata guba da ake kira domoik, wadda wani nau'in gansakukar teku ke samarwa.

Wannan guba ta daɗe da zama abin tsoro. A shekarar 1987 ta hallaka aƙalla mutane uku a Kanada, wasu fiye da 100 kuma suka kwanta rashin lafiya, bayan sun ci ƙumbar teku da aka kamo a tsibirin Prince Edward. A 2015 ta sa aka jinkirta kamun ƙaguwa na tsawon watanni a Kalifoniya. Dafuwa ba ta kashe ta.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne, a wani lokaci gansakukar kan yi yawa amma dafinta kaɗan, a wani lokacin kuma ta cika da dafi.

Ba ta zaman jiran mutuwa

Gansakukar da ake magana a kanta ba a ganin ƙwayarta sai da madubin likita, amma ita ce ke samar da kimanin rabin iskar oksijin da tsirran duniya ke fitarwa. Ɗaya daga cikin manyan masu cinta shi ne wani ƙwaron ruwa da ake kira kofifod, dangin jatan lande, wanda galibi bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba.

A da ana ɗaukar gansakukar tamkar ciyawa ce a gaban tumaki. Bincike ya nuna cewa tana gane isowar mai cinta, kuma tana yin shiri.

A 2015 wata tawaga ƙarƙashin Erik Selander na Jami'ar Gothenburg da ke Suwidin ta gano wasu sinadarai da ke fita daga jikin kofifod zuwa cikin ruwa. Da aka zuba su kaɗan a kan gansakukar Alexandrium, mai gubar da ke shanye jiki, dafinta ya ƙaru har ninki 20, alhali babu ƙwaron a wurin. Wato warinsa kaɗai ya isa. Wasu gwaje-gwajen kuma sun nuna cewa Pseudo-nitzschia, mai samar da gubar domoik, ita ma tana ƙara dafi idan kofifod na kusa.

Kowace da dabararta

Ba duka ne ke dogaro da guba ba. Skeletonema, wadda ƙwayoyinta ke sarƙe kamar tsakiya a zare, takan tsinke ta koma guntaye, domin doguwar sarƙa ta fi sauƙin ganowa. Wasu masu walƙiya da dare sukan ƙara haske, abin da ke razana ƙwaron.

Wani bincike na 2007 ya nuna cewa Phaeocystis tana ma bambance maƙiyanta. Idan kofifod ne, mai son babbar loma, sai ƙwayoyinta su watse ɗai-ɗai. Idan kuwa ƙananan halittu ne da ba sa iya haɗiye abu babba, sai su dunƙule.

Masana na ganin samar da dafi yana cin ƙarfin gansakukar, shi ya sa take jira sai haɗari ya matso.

Abin da hakan ke nufi ga masunta

Gubar da aka tanada domin ƙwaro ba ta tsayawa a kansa. Ƙumba da ƙananan kifaye irin su sadin suna tara ta a jikinsu, daga nan ta kai ga tsuntsaye da zakunan teku da ɗan Adam.

Hukumomin da ke sa ido a gaɓar teku sun fi dogaro da ƙidaya ƙwayoyin gansakuka da auna guba a naman ƙumba. Idan yawan kofifod na sauya ƙarfin dafin, to ƙidayar gansakuka kaɗai na iya yaudara. Saboda haka masu bincike a Suwidin suka fara gwada ko lura da ƙwaron zai taimaka wajen yin gargaɗi da wuri.

Sai dai yawancin gwaje-gwajen a ɗakin bincike aka yi su. A teku kuwa, ɗumin ruwa da sinadaran da ke tasowa daga ƙarƙashi ko suke kwararowa daga gonaki duk suna da nasu tasirin. Aikin da ke gaban masana shi ne tantance nauyin kowanne, domin rufe wurin kamun ƙumba ba bisa dalili ba asara ce ga masunta, jinkirin rufe shi kuma na iya janyo asarar rai.