Baba Injiniya ya tafi: mutumin da ya ƙi sa hannu kan rijiyar ƙarya

Ranar Talatar da ta wuce muka raka Baba Injiniya makwancinsa a nan Damagaram. Ba zan faɗi sunansa ba, iyalinsa ne suka roƙe ni, kuma shi kansa bai taɓa son a riƙa ambatonsa ba. Ba a sanar a rediyo ba, babu jerin motocin manya. Amma sai ga mutane daga ƙauyuka, wasu a kabu-kabu, wasu a motar kasuwa. Wani dattijo ya ce mini rijiyar garinsu shi ya tsaya a kanta, kuma har yau ba ta rufta ba. Maganar nan ce ta hana ni barci, shi ya sa na ce sai na yi rubutu.

Duk ɗan Damagaram ya san me ake nufi da ruwa. Garinmu a kan dutse yake zaune, ruwan ƙasa ba ya taruwa sai inda dutsen ya tsage. Ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka mai da babban birni Yamai a 1926. Har yau daga nesa ake jawo mana shi, daga Gogo da Machaya, da Arunguza, da Ganaram, kuma idan bazara ta kama kowa ya san yadda bido ke tsada a hannun ƴan ga-ruwa. A irin wannan ƙasa, mai sanin inda ruwa yake ya fi mai tarin dukiya amfani.

Baba Injiniya ya yi karatunsa a makarantar injiniyoyin karkara ta Wagadugu, wadda yanzu ake kira 2iE. Ya fara aiki bayan farin 1973, lokacin da ake ta gina rijiyoyin siminti irin waɗanda tsofaffi ke kira rijiyar OFEDES. Ya ga yunwar 1984 da mutanenmu suka laƙaba wa suna El-Buhari. Ya ga lokacin da kurkunu ke kwantar da manomi a tsakiyar damina saboda shan ruwan tabki. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da kurkunu, an yaba wa likitoci, kuma sun cancanta. Sai dai kowace rijiya mai kyau da ta raba mutane da tabki tana da kaso a nasarar, kuma ba a tuna da masu gina ta ba.

Ga labarin da duk unguwarmu ta sani. An ba wani ɗan kwangila aikin rijiyoyi a wasu ƙauyuka, Baba Injiniya ne zai duba ya sa hannu kafin a biya. Ƙa'idar kankaren da ake zuba zoben rijiya ita ce kilo 350 na siminti a kowace mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi, wato buhu 7. Mutumin ya rage, ya cika da yashi. Baba ya sa aka ɗaura masa igiya ya sauka da kansa, ya ƙwanƙwasa da guduma, kankare ya riƙa zuba kamar tuwon jiya. Da dare sai ga ɗan kwangila a ƙofar gida da ambulan. Baba ya ba shi ruwa ya sha, ya ce masa: "Alhaji, matan da za su tsaya a bakin rijiyar nan da goyo, idan ta rufta da su, ni da kai wa zai amsa?" Bai sa hannu ba sai da aka fasa aka sake. Bayan haka aka ɗauke shi daga fili, aka ajiye shi a buro shekaru, babu aikin kirki, babu ƙarin girma.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake a waje haka yake a gida. Lokacin da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, ga albashi yana yin watanni bai fito ba, gidaje da yawa sun watse. Shi kuwa ya sayar da babur ɗinsa don kada yara su bar lakwal, ya koma tafiya a ƙasa. Bayan Isha'i zai shimfiɗa tabarma da fitila ya koya wa ƴaƴansa lissafi, mata da maza, mu ƴaƴan maƙwabta mu raɓe. Da aka matsa masa ya aurar da babbar ɗiyarsa tana aji uku na kwaleji, ya ce sai ta gama. Yau ungozoma ce. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Inna, matarsa, shi ke ɗaga ta, shi ke ba ta kunu a baki, bai ji kunyar kowa ba. Sahun farko na sallar Asuba kuwa, in ba ka gan shi ba to ba ya gari.

Na san abin da wasu ke faɗa a fada, na ji da kunnena ranar sadakar uku. Wai me ya bari? Gidan ƙasa ɗaya, babu mota, babu fili a Yamai, alhali abokan karatunsa sun gina benaye. Ba zan ce talauci abin alfahari ba ne, kuma iyalinsa sun sha wuya ta gaske. Amma laifin wa? Na wanda ya ƙi cin amana, ko namu da muka bar mai gaskiya ya biya kuɗin gaskiyarsa shi kaɗai? Idan yaro ya tashi ya ga wanda ya rage siminti ake kira zuwa gaban sahu ranar ɗaurin aure, wanda ya ƙi ambulan kuma ana ce masa wawa, kada mu yi mamaki in aji ya rufta da damina ko kwalta ta fashe kafin shekara.

Don haka ina da roƙo. Magadan gari, idan za ku raɗa wa titi ko lakwal suna, ku tuna da irin waɗannan ma'aikata, ba ƴan siyasa kaɗai ba. Gidajen rediyonmu na Damagaram, Maraɗi da Tawa, tsofaffin injiniyoyi da magina rijiya suna nan da ransu, a kansu akwai sanin inda ruwa yake da inda aka haƙa aka sha ƙasa. Ku je ku naɗi maganarsu kafin a binne ta tare da su. Ƙannenmu da ke fitowa daga EMIG da jami'o'i, ranar da za a miƙo muku ambulan tana nan tafe, ku yanke shawara tun yanzu. Mu kuma maƙwabta, Inna tana nan kwance, kuma takardun fansho ba sa tafiya da kansu. Wanda ya san hanya ya taimaka.

Malamai sun karantar da mu cewa shayar da ruwa sadaka ce mai gudana. Allah ya sa kowace guga da aka ja a rijiyoyinsa ta zama haske a kabarinsa, ya ba Inna lafiya, ya ba iyali haƙuri. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.