Malamin Tarihi Da Ya Sa Kaki Sau Biyu

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, a cikinmu akwai masu burin shiga makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna, kuma mun sha jin wasunsu suna cewa soja ƙarfi da biyayya kawai yake buƙata, tarihi kuwa darasin masu gyangyaɗi ne. Mu a kulob ɗin 'yan jarida ba mu yarda ba. Hujjarmu wani Bafaranshe ne mai suna Marc Bloch.

An haife shi a birnin Lyon a 1886. Malamin sakandare ne lokacin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914. Ya ajiye alli ya tafi fagen fama da muƙamin saje, ya yi yaƙin Marne, ya sha zazzaɓin taifod, ya gama yaƙin yana kyaftin da lambobin yabo. Daga nan ya koma aji, ya koyar a Jami'ar Strasbourg, a 1936 ya koma Sorbonne.

Da yaƙi ya dawo a 1939, shekarunsa 53, ga 'ya'ya shida, ga ciwon gaɓoɓi. Doka ta ba shi damar zama a gida, amma ya sake sa kaki, har yanzu kyaftin. Aikin da aka ba shi ba na nuna bajinta ba ne: raba man fetur ga rundunar soja. Cikin makonni shida na 1940 Jamus ta murƙushe Faransa. Bloch na cikin waɗanda aka kwashe ta Dunkirk zuwa Ingila, ya kuma dawo gida cikin 'yan kwanaki.

A wannan shekarar ya rubuta littafin L'Étrange Défaite, wato baƙon shan kaye, kuma nan ne hujjarmu take. Bai ɗora laifin a kan ƙananan sojoji ba. Manyan janar-janar ya tuhuma: tsofaffi ne da suka haddace darasin 1918, suna lissafin tafiya da saurin ƙafar soja, alhali Jamusawa da tankoki da jiragen sama suke zuwa. Kafin umarni ya sauko daga ofis zuwa ofis, wurin da aka ce a tsare ya riga ya faɗi. Wani zai ce ai tarihin ne ya ɓatar da janar-janar ɗin. Haka ne, amma haddar tarihi suka yi, irin wadda muke yi daren jarrabawa. Bloch da ya saba tambayar me ya sauya tsakanin jiya da yau, shi ya gano inda gizo ke saƙar.

Malamanmu, ku yi haƙuri, ku ma bai ƙyale ku ba. Ya zargi malaman jami'a, har da shi kansa, da cewa sun hango haɗarin tun da wuri amma suka lafe a ɗakunan karatu suka yi gum.

Mun san akwai masu cewa kyaftin da ke sukar janar zai lalata ɗa'ar soja. Ba ƙaramar magana ba ce. Sai dai Bloch ya bi umarni har ƙarshen yaƙin, bayan an sha kaye ne ya ɗauki alƙalami. Kuma bai tsaya nan ba. Ya shiga ƙungiyar masu gwagwarmayar ɓoye a Lyon a 1943, duk da cewa Bayahude ne, ya kuma san abin da ke jiransa in aka kama shi. A watan Maris 1944 aka kama shi, 'yan Gestapo suka azabtar da shi, suka harbe shi ranar 16 ga Yuni tare da wasu fursunoni. Littafin bai fito ba sai 1946.

Muna roƙon malaman tarihi su ware mana darasi guda a wannan zangon kan faɗuwar Faransa a 1940. Masu burin NDA su zauna a layin gaba.